Me Ya Sa Fuskar Durowa Ke Biyo Hannu?

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu mun taɓa jan durowar tebur, fuskarta ta biyo hannunmu, sauran ya tsaya a ciki. Mukan ɗora wa katako laifi, alhali matsalar a wajen haɗi take.

Yawancin durowar kasuwa, ta fuska ake buga mata ƙusa zuwa cikin katakon gefe. Ke nan duk jan da muka yi, ƙusar muke zarewa kaɗan-kaɗan.

Maganin wannan shi ne haɗin wutsiyar kurciya. Ana yanka bakin katakon gefe haƙora-haƙora, kowane haƙori ya fi faɗi a ƙarshensa, kamar wutsiyar kurciya. Sai a sassaƙa musu gurabe a katakon fuska. In sun shiga, ja ba ya fitar da su, sai ma ƙara matse su. Dabarar tsohuwa ce, don an same ta a jikin kayan katako na kaburburan Misra tun zamanin Fir'aunoni.

Ga yadda kafinta ke yi:

1. Ya zaɓi busasshen katako, ya goge shi ya miƙe.
2. Ya zana haƙoran. Karkatarsu ɗaya cikin 8 ce ga katako mai tauri irin maɗaci, ɗaya cikin 6 ga mai taushi.
3. Ya yanka da ƙaramin zarto a gefen layi, ta ɓangaren da za a zubar, ya ƙarasa da cizal.
4. Ya ɗora haƙoran kan katakon fuska, ya kwafi siffarsu, ya fafe gurabensu.
5. Ya gwada haɗin tukuna, sannan ya sa gam.

Saura sa durowar a gidanta, kuma nan ne yanayinmu ke shigowa. Katako na tsukewa da hunturu, ya kumbura da damina. A nan Funtuwa da Malumfashi, an fi sayen kayan ɗakin amare bayan kaka, in an sayar da masara da auduga. Durowar da ta shiga cif-cif a watan Janairu tana iya ƙin fitowa a Agusta. Shi ya sa gwanin kafinta ke barin 'yar rata, ya kuma goga kyandir a inda take gudu.

Saboda haka in za a sayi kaya a gida, mu tuna wa iyayenmu su zaro durowar gaba ɗaya, su dubi kusurwarta: haƙora ne ko ƙusa? Kuɗin gumin noma ne, bai kamata ya tafi a banza ba.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta