Idan Na'ura Ta Ce Gurbi Ya Ɓace

Tsofaffin akawunan En'e na Babura da Kazaure sun san rijistar haraji, yadda akan ja layi a raba shafi gida-gida: gidan suna, gidan unguwa, gidan kuɗi. In an rasa abin da za a rubuta a wani gida, sai akawu ya bar shi fari, aiki ya ci gaba. A 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e, yau kuwa rijistar ta koma cikin kwamfuta, ana ce da ita rumbun bayanai. Gidajen suna nan, sai dai gurbi ake kiransu, na'ura kuwa ba ta da kawaici irin na akawu. In ta nemi gurbi ta rasa, sai ta tsaya cik.

Abin ba na wasa ba ne. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma biyan ma'aikatanta ta tsarin IPPIS, a 2014 bankuna suka fito da BVN, a 2021 kuma JAMB ta wajabta lambar NIN ga mai neman rajista. A wannan shekara ce aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Watau yaro yana iya rasa shiga jami'ar da ke garinsu saboda gurbi guda.

To, ya ku malamai da akawuna, cutar nan iri biyu ce, maganinsu kuwa dabam. Ko dai gurbin yana nan ba a cika shi ba, ko kuwa gurbin kansa ne babu. Rarrabe su ba wuya. In sunaye kaɗan ne suka ƙi shiga, sauran suka wuce, ta fari ce. In kowa da kowa ya ƙi, ta biyu ce.

Ta biyun takan faru in an sabunta manhaja, ta zo tana neman gidan da tsohon rumbu ba shi da shi. Takan faru kuma in wani ya taɓa kanun jadawalin Excel da ake ɗorawa, ya sāke harafi guda ko ya bar sarari a ƙarshen suna, na'ura kuwa ta ɗauka wani gida ne dabam. Wani sa'i ma gurbin yana nan, izinin ganinsa ne ba a ba akawu ba. A kwafe saƙon da na'ura ta fitar harafi-harafi, domin sunan gurbin yakan kasance a ciki. A tuna ranar da abin ya soma, a bincika abin da aka canja kafin nan. A gwada kanun jadawali da na sabon samfurin da hedkwata ta aiko. In bai warware ba, a adana kwafin rumbun tukuna, sa'an nan a kai wa mai kula da shi. Kada akawu ya ƙara gida ko ya share da kansa.

Ta farin ita ce ta fi damuna, domin tana da magani na ƙarya mai sauƙi. Yara da yawa a ƙauyukanmu a gida aka haife su, ba takarda. Na'ura ta ce sai an cika ranar haihuwa, layi ya yi tsawo, sai a buga 1 ga Janairu a wuce. Na'ura za ta karɓa, ba ta san ƙarya ba. Amma fa ran da aka gwada da abin da ke cikin NIN aka ga sun saɓa, yaron ne zai sha wuya, akawu kuwa ya daɗe da mancewa. Gara a nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ko katin rigakafi, ko rijistar shiga makaranta, in yaro ya riga ya sami NIN kuwa a bi abin da ke ciki daidai. A lura kuma da jerin kwanan wata, don wata manhajar irin ta Amurka ce, wata take sawa gaba da rana, sai 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris.

Haka sha'anin suna. Waɗanda suka tsara manhajojin nan sunan dangi suka sani, mu kuwa sunan yaro da na ubansa muke da su, wani ya haɗa da na garinsu. Wannan ofis ya sa Babura a gurbin sunan dangi, wancan ya sa sunan uba, mutum ɗaya ya zama biyu. Ya kamata kowane hedimasta ya tsai da jeri guda tun daga aji ɗaya, ya rubuta shi a bangon rijista domin wanda zai gaje shi.