Tiren Katako na Renon Tsiro: Yadda Ake Hana Shi Yoyo da Ruɓewa

A ƙasar Katagum, daga fadamun kogin Jama'are har zuwa jigayin Udubo a ƙaramar hukumar Gamawa, noman tumatir da tattasai da attaruhu yana farawa ne da reno, wato shuka iri a ɗan ƙaramin wuri da kula da shi har ya isa dashe. Tumatir kan yi mako 3 zuwa 4 a wurin reno, tattasai da attaruhu kuwa mako 5 zuwa 6, kuma a cikin waɗannan makonni ne ake tafka asarar da ba a cika lissafa ta ba, musamman yanzu da ingantaccen iri ya yi tsadar da sai an ƙirga ƙwayoyinsa. Tun daga farkon shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama mai tallafin Bankin Duniya ya yaɗa injin ban ruwa a Arewa, ruwa ya yi wa mai lambu sauƙin samu, sai dai ruwan da ke fitowa da ƙarfi daga bakin tiyo ya dace da fangali ne, kuma ya fi ƙarfin tsiron da bai wuce ganye biyu ba.

Zuba ruwa daga sama yakan tono iri ya kwashe shi gefe guda, ya daddaɓe fuskar ƙasa ta yi ɓawo, sannan ya bar wuyan tsiron cikin laima, wadda ita ce ƙwayoyin funfuna ke so, har a wayi gari tsiro ya sirance daga tushe ya kwanta. Shayarwa ta ƙasa tana rage wannan duka. Ana shuka irin a ƙananan mazubai masu huji a gindi, kamar ledar fiya wata ko gwangwani, a jera su cikin tire mai ɗan zurfi, a zuba ruwan a cikin tiren, ƙasar ta riƙa tsotsarsa zuwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir a fitila. Dalili shi ne ruwa yana manne wa ƙwayoyin ƙasa, yana kuma manne wa junansa, don haka yakan hau ta 'yan kafofin da ke tsakaninsu, kuma gwargwadon ƙanƙantar kafa gwargwadon nisan da zai hau. Shi ya sa yashi zalla irin na jigawa ba ya ɗaga ruwa sosai sai an gauraya shi da taki wanda ya ruɓe sarai.

Tiren roba ba ya yoyo, amma yana da tsada kuma rana na fasa shi, alhali kowane kafinta a Azare ko Gamawa zai iya haɗa na katako da ragowar falanki. Matsalar katako ita ce yana motsi: idan ya sha ruwa ya kumbura, idan iskar hunturu ta busa ya tsuke, kuma motsin nan ya fi yawa ta faɗin falanki, ta tsawonsa kuwa kusan babu. Saboda haka ɓangarori biyu da aka haɗa da ƙusa ba sa motsi daidai da juna, mahaɗar ta buɗe, ruwa ya sami hanya. Bakin falanki inda zarto ya yanka shi ya fi ko'ina shan ruwa, domin nan ne jijiyoyin icen ke buɗe, kuma da zarar laimar da ke cikin katako ta zarce kimanin kashi 20 cikin 100 ta daɗe a haka, sai ruɓa ta fara, gara kuma ta biyo baya.

Hana ruwa ratsa abu tsohuwar fasaha ce a ƙasar Hausa. Magina sun daɗe suna shafe rufin soro da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin dabbobi da dafara, ana kuma yayyafa makuba ta ɓawon ɗorawa a kan daɓe da bango domin su yi ƙarfi. Akushi ma yana riƙe miya shekara da shekaru, sai dai sirrinsa shi ne daga gungume ɗaya aka sassaƙa shi, ba shi da mahaɗa ko ɗaya. Tire kuwa falankai biyar ne ko fiye, kuma babu wani shafi da zai bi mahaɗa yana buɗewa yana rufewa tare da ita na tsawon lokaci. Hanya mafi inganci ita ce a raba aikin gida biyu: shimfiɗa ta riƙe ruwan, shafi kuma ya kare katakon.

Shimfiɗar da ta fi dacewa ita ce leda mai kauri, irin wadda magina ke sawa ƙarƙashin kankare, kuma baƙa ta fi fara jure rana. Kafin a shimfiɗa ta ana goge cikin tiren da samfefa, a dulmiya kawunan ƙusoshi, domin tsini ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Ana yanko ledar guda ɗaya wadda ta fi tiren faɗi ta kowane gefe, a naɗe ta a kusurwa ba tare da an tsaga ba, a zarce da ita bisa baki, a danne ta waje da siririn katako, ta yadda babu ƙusar da za ta huda ta ƙasa da inda ruwa ke kaiwa. Yana da kyau a bar 'yan ramuka a gindin katakon kansa, domin ruwan da ya ɓuya tsakanin leda da falanki shi ne ke ruɓar da tire da sauri, kuma ɗigowarsa ita ke sanar da mai lambu cewa leda ta huje.

Shi kuwa katakon, a fara da zaɓen ice mai ƙarko, kamar maɗaci ko darbejiya da ya bushe sosai, domin farin katako mai taushi ba ya jure laima. Kakin zuma da aka narka aka shafa da zafinsa, musamman a bakin falanki da mahaɗai, yana toshe kafofin ice kuma ba ya cutar da tsiro. Yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Salsiyos, saboda haka zafin bazara da kan haura digiri 40 a Azare yana tausasa shi kawai, muddin tiren na cikin inuwa. Man kaɗe da man gyaɗa ba sa bushewa su yi ɓawo, suna kuma jawo tururuwa da ɓeraye. Kwalta tana da amfani a bayan tire da ƙarƙashinsa, inda ruwan shayarwa ba ya taɓawa, sannan a ɗora tiren kan bulo domin iska ta ratsa, gara kuma ta rasa hanya.

Akwai abubuwan da arharsu ke jawo mutane, alhali ba su dace da abin da za a ci ba. Baƙin mai, wato man injin da aka juye, wanda ake shafa wa katakon rufi saboda gara, yana ɗauke da ƙarafa masu guba da ragowar ƙuna, kuma kaɗan daga cikinsa kan ƙone saiwar tsiro. Tsohon falanki mai fenti yana iya ɗauke da dalma, haka nan katakon turakun lantarki an jiƙa shi da magunguna masu ƙarfi, har da mai ɗauke da sinadarin asanik, wanda Amurka ta daina amfani da shi a yawancin katakon gidaje tun ƙarshen 2003.

Tire mai kyau ma yana buƙatar a daidaita shi, domin idan ya karkata, tsiron gefe ɗaya ya nutse, na ɗaya gefen ya bushe. Ruwa mai zurfin santimita 2 ya wadatar, wanda a tire mai tsawon santimita 60 da faɗin 40 bai kai lita 5 ba, kuma da zarar fuskar ƙasa ta yi duhu saboda laima, galibi cikin rabin sa'a, sai a ɗebe ragowar, domin saiwa na buƙatar iska, sauro kuma kan ƙyanƙyashe a ruwan da ya yi kwanaki a kwance. Tunda ruwan yana hawa sama ne ya ƙafe, gishirin da ke cikin ruwan rijiya ko burtsatse yana taruwa a fuskar ƙasa kamar farar kanwa, don haka lokaci-lokaci ana zuba ruwa daga sama a hankali ya wanke shi. Bayan dashe a cire ledar, a shanya tiren a inuwa, a sake shafa kaki a mahaɗai kafin a ajiye shi don renon baɗi.