Littafi Yana Nan, Ƙofa Ta Ƙi Buɗuwa: Wahalar Masu Aron Littattafai Ta Intanet A Ƙasar Gusau

A zamanin da mu ke 'yan makaranta, duk wanda ya ke son aron littafi a laburare ba ya bukatar kome sai ɗan kati mai ɗauke da sunansa. Ko da katin ya ɓace ba a rasa mafita ba, gama ma'aikacin laburaren ya san fuskar yaro, sau da yawa ma ya san ubansa. Haka abin ya ke a rumfunan hayar littattafan Hausa da suka yawaita a kasuwanninmu cikin shekarun 1990: mai rumfa ya rubuta sunanka, ka biya kuɗin kwana biyu, ka kama hanya. Yau kuwa ɗalibi a Gusau, ko malamin firamare a Ruwan Bore, yana iya kaiwa ga littattafan da ba su taɓa shigowa Jihar Zamfara ba, ta cikin wayar da ke aljihunsa. Sai dai mai tsaron wannan sabon laburare na'ura ce, ba ta san fuskar kowa ba. Abu biyu kaɗai ta sani, watau adireshin imel da kalmar sirri. In ɗaya ya kuskure, ƙofa ta rufu ke nan.

Irin waɗannan ɗakunan karatu suna da dama. Akwai Open Library, wanda ƙungiyar Internet Archive ta ƙasar Amurka ta buɗe a 2006, inda a ke ba mutum aron littafi na awa guda ko na mako biyu, lokaci na cika littafin ya kulle kansa. Akwai Wattpad, wanda aka fara a Kanada a wannan shekarar, inda marubutan Hausa da yawa, musamman mata, su ke sakin labaransu babi babi. Akwai kuma Project Gutenberg, tsohon cikinsu, tun 1971, wanda ba ya neman rajistar kowa, amma tsofaffin littattafai ne a cikinsa, galibinsu na Turanci. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013 a kan hanyar Zariya, da na Kwalejin Ilmin Fasaha ta Tarayya, da masu koyon aikin lafiya a Tsafe, su ne suka fi jin zafin rufewar irin waɗannan ƙofofi, domin kuwa littafin da malami ya ambata a aji sau da yawa babu shi a kanti, in ma akwai, kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan talaka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wani ɗan ƙanena da ya zo mini rai a ɓace, saura mako uku ya miƙa kundin bincikensa. Ya tara littattafai a asusunsa, ya sa alama a shafukan da ya ke bukata, sa'an nan ya canja waya. Sabuwar waya ta nemi kalmar sirri, shi kuwa ya manta, don tsohuwar ce ta ke riƙe masa ita shekara biyu. Ya nemi a ba shi sabuwa, aka ce an aika masa da saƙo ta imel. Ya je buɗe imel ɗin, nan ma kalmar sirri. Da na tambaye shi wa ya buɗe masa imel ɗin, sai ya ce, "Baba, wani mai shagon kwamfuta ne, lokacin da za mu cika takardar jarrabawar shiga jami'a." Lambar wayar da aka sa a ciki kuwa ta wani layi ce da ya daina aiki tuntuni.

To, masu karatu, a nan gizo ke saƙa. Kalmar sirrin laburare tana rataye ne da imel, imel kuma yana rataye da layin waya. Mutane suna ta fama da ƙofar farko, alhali kuwa mabuɗin yana can bayan ƙofa ta uku. A wannan yanki namu kuma babu abin da ya kai layin waya saurin kuɓuce wa mai shi.

Amma kafin a kai can, ya kamata mutum ya fara kawar da ƙananan kurakurai, gama su ne suka fi yawa. Waya takan ƙara fili a ƙarshen adireshi ba tare da mai ita ya lura ba, takan kuma mai da harafin farko na kalmar sirri babba, alhali na'ura tana bambanta babban harafi da ƙarami. Wani a ranar rajista ya rubuta adireshinsa da kuskuren harafi ɗaya, saƙon tabbatarwa ya tafi inda babu kowa, shi kuma yana zaune yana jira. Wani yana da imel biyu, ya yi rajista da ɗaya, yana nema da ɗayan. Wani kuma tun farko ta asusunsa na Google ko na Facebook ya shiga, bai taɓa yin kalmar sirri ba sam, saboda haka duk wadda ya gwada ba za ta ci ba; sai ya koma ta hanyar da ya bi da fari. In an ce an aiko da saƙo ba ka gan shi ba, duba aljihun da imel ke jefa saƙonnin da ya ke zargi na talla ne ko na damfara. Kada kuma ka yi ta danna neman sabon saƙo don haushi. A wurare da yawa sabon saƙo yana kashe na bayansa, kuma kowanne yana da wa'adi, saboda haka na ƙarshen za ka buɗe, ka buɗe shi nan take. Manhajojin nan masu tsimin data, waɗanda ɗalibai ke ƙauna, sukan matse shafi har wurin shiga ya ƙi aiki. A gwada wata. A duba agogon waya ma, domin wayar da kwanan watanta ya karkace bayan batir ya mutu ta kan ƙi amincewa da shafin da ba shi da laifin kome.

Akwai wata cuta da ta fi waɗannan ɓoyuwa. Google yana ba kowane asusu wurin ajiya kyauta gigabait 15, kuma imel da hotuna da takardu duk a rumbu ɗaya su ke. Tun daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 aka fara lissafa ajiyar hirarrakin WhatsApp na wayoyin Android cikin wannan rumbun. Ka san halinmu da bidiyon biki da na wa'azi da na siyasa. Rumbu na cika, sai imel ya daina karɓar saƙo gaba ɗaya. Mutum zai ga tsofaffin wasiƙunsa suna nan lafiya lau, ya rantse imel ɗinsa na aiki, ya yi ta zagin masu laburare, alhali duk saƙon da suka aiko komawa ya ke yi. Maganin ba shi da wuya: a share manyan bidiyo da hotunan da aka ajiye can, a kwashe shara, sa'an nan a sake neman saƙon. Na ga ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi babba da ya yi wata guda a cikin wannan hali, ba saƙon littafi kaɗai ya rasa ba.

Yanzu sai batun layi. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umurci kamfanonin waya su rufe hanyoyinsu a duk faɗin jihar, bisa roƙon gwamnatin jiha a zamanin Gwamna Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. Da fari mutanen Gusau da Tsafe sun riƙa bin hanyar Funtuwa don su sami sigina, ba a jima ba aka rufe Funtuwar ma tare da wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina. An maido da waya a birnin Gusau ranar 1 ga Oktoba, sauran ƙasar kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ɗalibin da ke karatu a Zariya ko Sakkwato a lokacin, wanda ya sa lambar mahaifinsa ta ƙauye a matsayin lambar ceto, yana da intanet a gabansa amma lambar tabbatarwa tana tafiya wayar da ba ta da sabis.

Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga dokar haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta fara cizo. An ba da umurnin tun Disamba 2020, a ranar 4 ga Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba kiran waya, sa'an nan aka sa wa'adin ƙarshe a Satumba 2024. Yawancin waɗanda abin ya shafa a karkara su ne masu layin da aka yi wa rajista da sunan wa ko na maƙwabci. Ga kuma ƙa'idar da mutane da yawa ba su sani ba: layin da ya yi watanni ba a yi amfani da shi ba, kamfani yana da ikon kashe shi, daga baya ya sayar wa wani da lambar. Mutumin da ya gudo daga ƙauyensu a ƙasar Bungudu ko Tsafe cikin dare, ya bar wayarsa, ba ta layi ya ke yi ba. Ranar da hankalinsa ya kwanta ya nemi imel ɗinsa, lambar tabbatarwa tana shiga wayar wani baƙo a wani gari. Shi ma Google, tun Disamba 2023, ya ce yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Me za a yi ke nan? A ganina, gyara daga ƙasa a ke fara shi, kuma tun ƙofa tana buɗe. Mutum ya shiga imel ɗinsa yau, ya duba wace lamba ce a ciki, in ba tasa ba ce ya canja ta, ya tabbata kuma layin da sunansa aka yi masa rajista. Ya ƙara wani adireshin imel na ceto, nasa ko na wanda ya amince da shi. Abin da ya fi kome dacewa da halin da mu ke ciki kuwa shi ne lambobin ko-ta-kwana. Duk wanda ya kunna tabbatarwa mai hawa biyu, Google yana ba shi lambobi goma, kowace ana amfani da ita sau ɗaya, kuma ba su bukatar saƙon waya. A rubuta su a takarda, a sa cikin jakar da a ke ajiye takardun shaidar makaranta. Akwai kuma manhajar da ke fitar da lamba mai alƙaluma shida duk bayan daƙiƙa 30 ko da babu sabis, muddin agogon wayar daidai ya ke. Masu ilmin na'ura na ƙasashen Turai sukan hana rubuta kalmar sirri a takarda. Ni dai ina ganin ɗan littafin da ke ƙasan akwati a Ruwan Bore ya fi aminci bisa ƙwaƙwalwar wayar da za a iya fizgewa a tasha.

Ɗalibai su kula da wani tarko: adireshin da makaranta ta ba ka na makaranta ne, yana iya mutuwa bayan ka gama. Haka ma'aikaci da adireshin ofis, ranar canjin wurin aiki ko ritaya. Asusun littattafai abin shekaru ne, a ɗora shi a kan imel na kai.

Wani lokaci kuma laifin ba na mai karatu ba ne ko kaɗan. A watan Oktoba na 2024 aka bayyana cewa ɓarayin intanet sun kutsa Internet Archive, sun kwashe bayanan asusu wajen miliyan 31, aka rufe wurin na kwanaki. Wattpad ma ya gamu da irin wannan a 2020. Wanda ya ke amfani da kalmar sirri ɗaya a laburare da imel da banki, ɓarawon da ya sami ɗaya ya sami duka. Irin wannan lokaci ne kuma 'yan damfara ke aiko da saƙo mai kama da na gaske, ko su buga waya su ce a karanto musu lambar da ta shigo. Babu laburaren da zai nemi wannan lambar ta baki. Har ila yau, littafi yana iya ɓacewa asusunka na lafiya: bayan shari'ar da manyan kamfanonin ɗab'i na Amurka suka yi nasara a kanta a 2023, aka kuma tabbatar da hukuncin a 2024, Internet Archive ta janye littattafai fiye da 500,000 daga aro. OkadaBooks, wanda marubutanmu suka sayar da littattafai a cikinsa shekara goma, ya rufe ƙofarsa a ƙarshen Nuwamba 2023. Saboda haka marubuciyar da ke sakin labarinta babi babi ta ajiye kwafinsa a hannunta, ɗalibi kuma ya rubuta sunan littafi da na marubuci da lambar shafi a littafin rubutunsa tun ranar da ya karanta, kamar yadda malamanmu suka koya mana.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan manyan makarantunmu baki ɗaya. Ana tara sababbin ɗalibai a yi musu jawabi a kan sutura da ladabi, amma da wuya a sami wanda zai ɗauki rabin awa ya sa kowa ya fito da wayarsa ya duba lambar da ke cikin imel ɗinsa. Masu shagunan kwamfuta ma, waɗanda ke buɗe wa yara imel da dama a rana lokacin rajistar jarrabawa, ya kamata su riƙa sa lambar yaron, su rubuta masa kalmar sirrin a takarda ya tafi da ita.

Shi ɗan ƙanen nawa, mun je shagon da aka buɗe masa imel, muka tarar ya zama wurin cajin waya, mai shi ya bar gari. Mun cika takardar neman ceto sau uku, na'ura ta ce ba ta gamsu cewa shi ne mai asusun ba. Daga ƙarshe sabon imel muka buɗe da layin da ke ɗauke da sunansa, ya sake rajista a laburaren, ya kwana huɗu yana laluben littattafan da zai iya tunawa. Biyu daga ciki har ya miƙa kundin bai tuna sunansu ba, dole ya cire abin da ya ɗauko daga cikinsu.