Jinyar Tsoho a Gida Ba Aikin Mutum Ɗaya Ba Ne

 Yau maganar tsofaffinmu na zo da ita, kuma wata 'yar ajina ce ta sa ni ɗaukar alƙalami.

Ina koyarwa a wata makarantar firamare a ƙasar Gwarzo. A zangon karatun da ya wuce sai na lura wata yarinya 'yar aji biyar, wadda kullum ita ke fara ɗaga hannu in ana lissafi, ta soma fashi. Yau ta zo, gobe babu ita, ran da ta zo kuwa sai gyangyaɗi. Da abin ya ishe ni, ran wata Asabar na yafa mayafina na nufi gidansu da niyyar yi wa uwarta faɗa. Ina shiga bakina ya mutu. Kakar yarinyar ta wajen uba na tarar kwance, ɓarin jikinta na dama ya shanye wata huɗu ke nan. Uban yana Legas wajen nema, baffanninta biyu suna Kano. Uwar, ga goyo ga girki, ita ce mai ɗagawa, ita ce mai wanka, ita ce mai wankin tsumma. Da dare kuma 'yar ajin nan tawa ce ke kwana a ɗakin tsohuwar, in ta yi motsi ta farka.

Na tambayi yadda ciwon ya faro. Suka ce da magariba Iya ta fito za ta yi alwala, buta ta suɓuce mata, bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita. Maƙwabta suka ce iska ce ta buge ta. Kwana uku ana hayaƙi da shafe-shafe kafin a kai ta asibiti, inda aka auna aka ce hawan jini ne ya jawo.

To 'yan'uwa, ni ba ni da ja da addu'a, a yi ta a hanya ana tafiya asibiti. Abin da ke faruwa shi ne, wata jijiyar jini a cikin ƙwaƙwalwa ce ke toshewa ko ta fashe, sai wurin da take ciyarwa ya fara mutuwa, kuma kowace sa'a da aka ɓata ƙarin ɓarna ce. Saboda haka duk ran da kika ga bakin tsoho ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko harshe ya yi nauyi farat ɗaya, kada ki ɗura masa ruwa ko magani, a nemi mota. Babban Asibitin Gwarzo yana nan kusa da mu, in abin ya fi ƙarfinsu su ne za su tura Kano, tafiyar wajen kilomita 70.

Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum sai ya shekara goma da shi yana noma yana cin kasuwa bai sani ba. Awo ne kaɗai ke tona shi, kuma in awon yana kai 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, lalle a ga likita. In an ba da magani, na kullum ne. Kuskuren da muka fi yi ke nan, da Baba ya ce ya ji sauƙi sai a ajiye kwalin. Sa'an nan ga namu laifin na madafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma har da wanda ke cikin dunƙule. Mu kuwa sai mu jefa dunƙule huɗu a miyar kuka, mu bi da gishiri, mu ƙara da farin magi. Ni kaina sai da na yi wata guda ina ragewa kaɗan-kaɗan, ina ƙara daddawa da citta da albasa, kafin mutanen gidana su daina ƙorafi. A kuma yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla a faranti, da yawansu suna ta da hawan jini, suna cin ciki da ƙoda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a ɗakin nan shi ne da uwar yarinyar ta ɗaga zanen tsohuwar ta nuna mini ƙugunta. Wani gyambo ne ya fara, faɗin bakin kofi. Ba ƙazanta ce ta kawo shi ba, matar nan tana iyakar ƙoƙarinta. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi har jini ya kasa kaiwa wurin. Maganinsa tun kafin ya fito shi ne juyi. Wanda ba ya iya motsi da kansa a riƙa juya shi duk bayan sa'a biyu, dama, rigingine, hagu, ana tokare shi da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi, dugadugai kuma kada su taɓa shimfiɗa. A kwantar da shi kan katifa mai taushi, in an shimfiɗa leda a rufe ta da zanen auduga, da ya jiƙe a canja. Kullum wajen wanka ki duba ƙugu, da ƙarshen gadon baya, da dugadugai, da kafaɗu. In kin ga wurin ya yi ja ko ya fi sauran fata duhu, ko ya ɗau zafi, to gyambo ne ke tafe, kada a sake kwantar da shi ta nan. In ya riga ya fashe a nuna wa malaman asibiti, ban da barbaɗa toka ko garin kafso.

Wajen ba da abinci, a zaunar da shi sosai, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya ga mai shanyewar jiki. Ɗura a kwance na sa abinci ya bi hanyar numfashi ya zama ciwon huhu. Hannu da ƙafar da suka shanye kuma a riƙa miƙe su ana lanƙwasawa a hankali safe da yamma, masu gashi a asibiti za su nuna miki yadda ake yi.

Tsoho bai cika jin ƙishirwa ba ko da jikinsa na bukata, don haka da bazara ki riƙa miƙa masa ruwa ba sai ya tambaya ba. Da hunturu kada a rufe shi a ɗaki da kaskon gawayi, iskar da ke fita daga garwashi tana kisa cikin barci, ba ta kuwa da wari. A gyara santsin makewayi, a bar masa fitila kusa, domin faɗuwa ɗaya kan karya ƙugun tsoho, sai Asibitin Ƙashi na Dala.

Maganar ido kuwa a gidanmu na gan ta. Gwaggona da ke Garo a ƙasar Kabo yana ta rufe mata ido biyu. Wani mai yawo gari-gari ya zo ya soke ɗaya da tsinkensa, ta ga haske na 'yan kwanaki, daga nan idon ya tafi ke nan. Ɗayan aka yi mata aiki a asibitin ido a Kano, yau ita ke tsince shinkafarta. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce kan gaba wajen makantar da manya, alhali aikinta gajere ne.

Ku kuma 'yan makaranta, ga taku. In Kaka ta fara mantuwa, ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, ko ta ce an sace mata kuɗi, ko ta fita ta kasa gane hanyar gida, ba neman rigima take yi ba, ba kuma maita ba ce kamar yadda wasu marasa tsoron Allah ke faɗa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa wanda muke kira rikicin tsufa. Wasan jika da kaka gadonmu ne, amma ban da tsokana a wannan hali. Kada ki yi musu da ita, ki ce "To Kaka, bari mu duba tare." In kuwa rikicewar ta zo dare ɗaya, a kai ta asibiti, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon fitsari ko suga.

Yanzu bari in koma kan mai jinya, wadda ba mai tambayar lafiyarta. Kowa ya shigo sai "Yaya jikin Iya?" Ba mai cewa "Ke yaya bayanki, yaushe rabonki da barci?" Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, Jihar Kano kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, yana da kyau maigida ya je ya tambaya ko tsohonsa zai shiga. Amma babu ofishin da zai zo ya juya Iya da ƙarfe biyun dare. Wannan sai 'ya'yanta, maza da mata. Ɗan da ke birni ya aiko da kuɗi ya kyauta, amma kuɗi ba ya ɗaga mutum, kuma uwar tasa ce, ba ta matarsa ba. Ke mai ɗagawa, ki durƙusa da gwiwa, kada ki sunkuya da baya, ki nemi na biyu ku kama zanen gado ku ja tare.

A gidan 'yar ajin nan tawa, limamin unguwa muka samu ya kira baffannin. Na zana musu jadawali a bayan kwali irin wanda muke liƙawa a aji. Ƙanwar uban da ke aure a Getso ta karɓi kwana biyu a mako, matar babban baffa tana zuwa Juma'a ta koma Lahadi, ƙaramin ya ɗau nauyin magani da kuɗin mota zuwa gashi. Yarinyar an bar mata ba da kunun yamma da taya hira, kwanan ɗakin kuma sai daren Asabar. Gyambon ya kusa rufewa. Ta dawo aji, sai dai rabawa mai tsawo ta wuce ta, muna zama da ita minti ashirin bayan an tashi.