Ɗamarar Gwiwa: Wacce Ta Dace Da Mai Ciwon Jijiyar Ƙoƙo?

A zamanin nan kusan duk filin ƙwallon da mutum ya leƙa sai ya ga samari da baƙin ƙyalle a gwiwa. Wani ya zura safa tun daga cinya har ƙwauri, wani ya ɗaura siririn maɗauri a ƙarƙashin ƙoƙo, wani kuwa ya sha ƙarafa kamar wanda aka yi wa ɗori. In ka tambaye su, galibi abu ɗaya suke kuka da shi, watau zogi a gindin ƙoƙon gwiwa. Alhali kuwa waɗannan ɗamaru uku aikinsu ba ɗaya ba ne, wanda ya saya da ka sai ya yi asarar kuɗinsa, wata sa'a ma ya ƙara da asarar ƙafarsa.

Bari mu fara da inda cutar take. Babbar tsokar da ke gaban cinya ita ce mai miƙe ƙafa, ta sauko ta kama ƙoƙon gwiwa ta sama. Daga gindin ƙoƙon kuma wata jijiya mai faɗi, wadda tsawonta bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba, ta gangara ta kama ƙashin ƙwauri a wurin ɗan tudun nan da kowa ke iya shafawa da yatsa. Duk sa'ad da mutum ya yi tsalle ya dira, ko ya sauko daga bene, ko ya tashi daga tsugune da kaya a ka, wannan jijiya ce ke karɓar nauyin, nauyin kuwa yakan ninka na jikin mutum sau da dama. To, kamar igiyar guga ce: in ana ja ana hutar da ita sai ta daɗe, in kuwa aka matsa mata ba dare ba rana sai zarurrukanta su soma saɓulewa. A nan ma haka ne, wurin da ya fi saɓulewa shi ne daidai inda jijiyar ta haɗu da gindin ƙoƙo.

Wani likitan Amurka mai suna Martin Blazina ya bayyana wannan ciwo a 1973, da sunan ciwon gwiwar masu tsalle. A 2005 masana a ƙasar Norwe suka bincika manyan 'yan wasansu, suka tarar wajen 45 cikin 100 na 'yan ƙwallon raga suna da shi, 'yan ƙwallon kwando wajen 32, masu tseren keke kuwa ko ɗaya babu. Ashe dai dira ce ke kawo shi. Saboda haka ɗan langa, da mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa, da sabon ɗan soja da aka tsananta wa horo, duk su yi hattara.

Alamarsa ba ta ɓuya. Mai shi yana iya ɗora yatsa ɗaya ya ce, “Ga wurin.” Yana tsananta wajen tsalle da tsuguno da saukowa daga matakala, in an zauna kuwa sai ya lafa. Da fari yakan yi sauƙi in jiki ya ɗumama cikin wasa, sa'an nan kashegari da safe ya dawo da ƙarfinsa. Wanda gwiwarsa ta kumbura, ko take sarƙewa, ko take kufcewa, wannan wata cuta ce dabam, zaɓinsa kuma dabam.

Ɗamara ta farko ita ce siririn maɗauri mai faɗin kamar yatsu biyu, da ɗan matashi a gabansa. Domin wannan ciwo aka ƙera shi. Ana ɗora matashin a kan jijiyar, tsakanin gindin ƙoƙo da tudun ƙwauri, a zagayo ta bayan gwiwa a manne. Yana danna jijiyar ya sāke yadda ja ke isa wurin da ke ciwo. Ba shi da nauyi, ba ya hana lanƙwasa ƙafa, ba ya tara zufa da yawa, ga araha. Wanda zoginsa ke wuri ɗaya, da wannan ya kamata ya fara.

Ta biyu ita ce safar gwiwa, wadda ke matse gwiwar baki ɗaya. Tana ba da ɗumi, tana rage ɗan kumburi, tana sa mutum ya ji ƙafarsa ta tsaya sosai, amma matsinta a bazu yake, ba ya sauka a kan jijiyar musamman. Ta fi dacewa da wanda gwiwarsa ke tsami ko'ina, ko mai doguwar tsayuwa a wurin aiki. Akwai irin da aka ɗinka wa matashi a ƙarƙashin ƙoƙo, ta haɗa aiki biyu. Sai dai a lura da abin da aka yi ta da shi. Mai kaurin roba tana riƙe zafi da zufa, a bazararmu kuwa ƙuraje za ta jawo; saƙaƙƙiya mai shan iska ta fi.

Ta uku ita ce mai ƙarafa a gefe da gefe. An yi ta ne domin wanda jijiyoyin da ke riƙe gaɓar suka yage, gwiwa tana rawa. Ga mai ciwon jijiyar ƙoƙo nauyi ne kawai da tsada, kada mai kanti ya ruɗe ka da cewa mafi tsada ita ce mafi amfani.

Bayan zaɓen iri sai awo. A samu tef irin na tela. In maɗauri ne a auna zagayen ƙafa a ƙarƙashin ƙoƙo. In safa ce a auna inda aka nuna a jikin kwalinta, gama ko wane kamfani da nasa ma'auni, galibi a ɗan sama da ƙoƙo. In an ɗaura, yatsa ya iya shiga ƙarƙashinta. Sa'an nan a gwada tun a kanti: a tsuguna sau biyu ko uku ba ɗamara, a ɗaura a sāke tsugunawa. In zogin ya ragu, an dace. In bai ragu ba, a ajiye musu kayansu. Wadda take zamewa ta yi yawa. Wadda ta sa ƙafa mutuwa, ko sanyi, ko kumburi a idon sawu, ta matse, a kwance ta nan take. A ɗaura lokacin wasa ko aiki, a cire in an gama, kada a kwana da ita, a kuma riƙa wanke ta. Mai ciwon sukari, da wanda jini ba ya gudana sosai a ƙafarsa, da mai gyambo a wurin, su shawarci likita tukuna.

To, yanzu ga muhimmin zance. Masana a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan sun gwada maɗaurin nan da filasta a kan 'yan wasa masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 2016. Sun ga zogi yana raguwa na ɗan lokaci, har ma ga waɗanda aka manna wa filastar da ba ta matse kome. Watau ɗamara tana kwantar da zogi, amma ba ta saƙa zaren da ya saɓule. Hatsarin kuwa a nan yake: jiki magayi ne, in aka toshe masa baki aka ci gaba da tsalle kamar dā, ciwon wata uku sai ya koma na shekaru. Tsinkewar jijiyar ba kasafai take aukuwa ba, amma in ta auku babbar magana ce. Ronaldo na Brazil ya ji rauni a wannan jijiya a watan Nuwamba 1999, aka yi masa aiki. Ran 12 ga Afrilu 2000 ya koma fili yana buga wa Inter wasa da Lazio, bai cika minti goma ba jijiyar ta tsinke gaba ɗaya. Ya fi shekara yana jiyya kafin ya warke ya ci Kofin Duniya a 2002, shi kuwa yana da likitocin da talaka ba zai samu ba.

Ainihin magani shi ne a rage tsalle da gudu na wani lokaci, a ƙarfafa jijiyar sannu a hankali. Kwanciya kurum ba ta warkar da ita, raunana ta take yi. Masu gashin ƙashi sukan fara da sa mutum ya jingina da bango ya ɗan rusuna, ya tsaya haka daƙiƙa 45, ya huta, har sau biyar. Daga nan sai tsuguno da tashi a hankali da nauyi, ana ƙarawa mako mako, tsalle shi ne na ƙarshe. Ma'aunin kuwa shi ne kashegari: in zogin ya koma yadda yake an yi daidai, in ya ƙaru an zarce. Abin yakan ɗauki wata uku ko fiye, sannu kuwa ba ta hana zuwa.

Abu biyu kuma a kiyaye. Allurar kashe kumburi da ake yi a cikin jijiyar tana ba da sauƙi na 'yan makonni, daga baya ta raunana ta. Maganin nan ciprofloxacin da danginsa, waɗanda mutane ke saya a kyamis ba takardar likita, hukumar magunguna ta Amurka ta sa musu babban gargaɗi a 2008 cewa suna iya jawo ciwon jijiya da tsinkewarta. Mai wannan ciwo ya gaya wa likitansa kafin a rubuta masa su.

Wanda ya ji ƙara a gwiwarsa ya kāsa miƙe ƙafa, ko ya ga ƙoƙon ya haura sama, ko gwiwa ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, wannan ya wuce zancen ɗamara, a kai shi asibiti a ranar, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko wanda ya fi kusa. Yaro ɗan shekara 10 zuwa 15 da tudun ƙwaurinsa ya kumbura yana ciwo, nasa na girma ne, a nuna shi ga likita, a rage masa wasa. Sauran kuwa, wanda ya ɗaura maɗauri ya kuma riƙe motsa jikinsa har mako shida bai ga sauƙi ba, ya nemi mai gashin ƙashi ya duba shi. Allah ya ƙara mana lafiya.