Zaɓen Darasin Turanci Ga Yaranmu Na Aji Goma

Jama'ar zango mazauna Bronx, ga wata magana da ta shafi duk mai yaro a makarantar sakandare. A nan Amurka shekara huɗu a ke yi a sakandare, daga aji 9 zuwa aji 12, kuma a jihar New York ba a ba yaro takardar gamawa sai ya karanta Turanci cikin dukan shekarun nan. Da yawanmu mun ɗauka Turanci iri ɗaya ne a ke koya wa kowa. Ba haka ba ne. A aji 10, watau shekara ta biyu, sa'ad da yaro ya ke da shekara 15 ko 16, a nan hanya ta ke rabuwa.

Akwai ajin kowa da kowa. Akwai kuma wanda su ke kira Honors a makarantu da dama, inda a ke karanta littattafai masu yawa, a rubuta dogayen insha'i. Galibi daga cikinsa malamai su ke zaɓen waɗanda za su shiga darasin AP a aji 11 da 12. Shi AP karatu ne irin na shekarar farko ta jami'a, a kan yi jarrabawarsa a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da yawa su kan yafe wa wanda ya sami 3 ko fiye wani darasi. Darasin da aka yafe kuwa kuɗi ne ya zauna a aljihun uba.

To, sai na uku, wanda saboda shi na ɗauki alkalami, watau ENL, ajin masu koyon Turanci sabo. Ran da ka kai yaro rajista a kan ba ka takarda a tambaye ka harshen da a ke yi a gida. In ka rubuta Hausa, kuma gaskiya ka faɗa, sai a tattauna da yaron, in an ga dama a gwada shi. In bai kai ba, ya shiga ENL ke nan. Ajin ba abin kunya ba ne, ya taimaki yara da yawa. Amma fa yaranmu da su ka taso a Kumasi ko Nima da Turanci aka koyar da su tun firamare. Wata 'yar ɗan'uwana ta zo da takardunta masu kyau, ranar gwaji kunya ta hana ta buɗe baki gaban baƙuwar malama, ga shi kunnenta bai saba da lafazin mutanen nan ba. Shekara biyu ta yi tana maimaita abin da ta riga ta sani, babu wanda ya tuna da ita da aka zo zaɓen 'yan Honors. Ubanta yana tuƙin tasi dare da rana, wasiƙun makaranta su na jibge a kan firiji ba a buɗe ba.

Fita daga ENL sai da cin jarrabawar da jiha ta ke yi wa yaran ajin kowace shekara, saboda haka kada yaro ya yi wasa da ita, kada kuma a tafi da shi ganin gida a lokacinta.

Jadawalin shekara mai zuwa tun kafin hutun watan Yuni a ke shirya shi. Wanda ya bari sai Satumba zai tarar kujeru sun cika. Mai yaro a aji 9 ya nemi ganin malamin ba da shawara na makarantar, ya tambaye shi wane ajin Turanci aka rubuta wa yaron, da abin da a ke bukata kafin a sa shi Honors. In Turancin ya yi maka nauyi, makarantun gwamnati na birnin nan su na nemo tafinta kyauta, ka dai faɗa musu tun da wuri. Iyaye mata ma su na da ikon zuwa, ba sai an jira maigida ya taso daga aiki ba.

Mai wasiƙar makaranta da ya ke so a karanta masa, ya kawo mini bayan sallar Juma'a.