Dagi A Kan Kwali: Abin Da Samarin Zangon Kwatano Ke Koyo Lokacin Hutu

Duk wanda ke kasuwanci a Kwatano ya san kwali ba ya ƙarewa: na sabulu, na madara, na taliya. Da yamma sai ka ga an tara shi tsibi a bakin shaguna. Da wannan kwalin nake koya wa yaranmu 'yan shekara 13 zuwa 17 zanen bango irin na gida, wanda ke tasowa har hannu ya taɓa shi.

Dalilina ɗaya ne. Yawancinsu nan aka haife su, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Ba su taɓa ratsa unguwar Birni a Damagaram ba, balle su ga gidajen tsohon garin Zariya, inda magina ke fitar da zane da laka a saman ƙofar zaure. Dagi kuwa a jikin hula da babbar riga kaɗai suka san shi. Ga dogon hutu, ga waya a hannu, ga titi yana kira.

Kwali hawa uku ne: takarda sama, takarda ƙasa, mai lanƙwasa a tsakiya. In ka ɗan jiƙa ta saman ka ɓare, sai layuka su bayyana kamar kunyar gona. Faffaɗan kwali shi ne bango. A kansa yaro zai zana da fensir, ya yanka wasu guntaye ya ɗora, hawa biyu ko uku, wani wuri huɗu. Wuƙa kuwa doka gare ta: waje ake yanka, ba wajen ciki ba, kuma ni ke ƙirga su kafin a tashi.

Dagi shi ke ba su wuya. Zare ne da ke hawa nan ya nutse can, to dole yaro ya yanke shawarar inda zai katse kwalin don wani layin ya bi ta kai. Mai gaggawa a nan yake tonuwa. Na ga yarinyar da ba ta cika magana ba ta riga samari gane shi, har ta koma ita ke gyara musu.

Gam ɗinmu sitacin rogo ne da aka dama. Da shi muke lulluɓe aikin da takardar buhun siminti, ta rufe bakin yanka, abin ya zama kamar yaɓe. Amma fa laimar bakin teku ba wasa ba ce. In ba a danne shi da abu mai nauyi ba, sai ya lanƙwashe kamar kwarya, kyankyasai kuma suna son sitaci. Saboda haka a sama muke shanya. Fenti kuwa jar ƙasa ce da farin gam na kafinta. Kafin a shafa, mukan haska fitilar waya daga gefe: in inuwa ba ta fito ba, a ƙara hawa.

Wani uba ya zo ya ce mini, "Alhaji, ba dai gumaka kuke yi ba?" Na nuna masa: dagi ne, da takobi, da allo, da wata da tauraro. Ba ma yin mai rai. Ya daɗe yana juya na ɗansa, sannan ya tambaya ko za a yi masa babba, mai sunan shagonsa a tsakiya, kuma nawa ne. Na ce ya yi ciniki da mai aikin.